Gadar jirgin ƙasa bayan gobara: wata ta tashi cikin kwana 12, wata ta kwanta ke nan

Da yammacin 15 ga Maris, 2007, wuta ta kama gadar katako ta kamfanin Union Pacific da ke fadamar Kogin American a birnin Sakaramento, jihar Kalifoniya ta Amurka. Abin da ya ƙone ya kai kusan mita 430, layin dogo biyu gefe da gefe. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama, 'yan kwana-kwana suka yi iya yinsu, amma wutar ba ta mutu ba sai da ta ga bayan gadar. Ranar 27 ga watan, bayan kwana 12 kacal, jirgi ya sake bi ta wurin a kan sabuwar gada ta ƙarfe da kankare.

A yankin Wels na Birtaniya kuwa, gadar Britannia da ta ƙetare mashigin ruwan Menai ta ƙone ranar 23 ga Mayu, 1970, jirgi bai sake hawa kanta ba sai a watan Janairun 1972. Gadar Poughkeepsie da ke kan Kogin Hudson a jihar New York ta kama da wuta ranar 8 ga Mayu, 1974, kuma daga ranar har yau babu jirgin da ya sake taka ta, duk da cewa ƙarafanta na nan tsaye.

Wuta ce ta ci dukansu uku, to me ya raba makomarsu haka? Girman gobara ba shi ne amsa ba, domin wadda ta ƙone ƙurmus ita ce ta riga tashi. Ni a ganina, tun kafin wutar ta kama an riga an yanke hukuncin yadda kowace za ta ƙare: da irin kayan da aka gina ta, da ko akwai irinta a ajiye, da kuma darajar layin a idon masu shi.

Sai an fara sanin abin da ya sa gadar jirgi ta bambanta da ta mota. In gadar mota ta lalace, ana iya share hanya a gefe, motoci su gangara rafi su haura. Jirgin ƙasa ba ya yin haka. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta da kamu sosai, shi ya sa hawan da ya kai mita 2 cikin kowace mita 100 babban hawa ne a wurin jirgin kaya, kuma ba ya shan kwana mai kaifi. Ga nauyi: a Arewacin Amurka tarago ɗaya cike da kaya kan kai tan 130 a kan ƙafafu 8, wato kowace ƙafa na danna dogo da fiye da tan 16, kuma jirgi ɗaya kan ja tarago sama da 100. Saboda haka in gada ta tafi, layin ya yanke ke nan. Abin da ya rage shi ne a karkatar da jirage ta wani layi mai nisa, sau da yawa layin wani kamfani da za a biya, da ƙarin mai, da ƙarin direbobi, da kayan mutane da ke makara. Kowace rana asara ce, kuma wannan asarar ce ke tura aikin gudu.

Dalilan kamawar wutar sanannu ne. Akwai wutar daji da ke biyo busasshiyar ciyawa har gindin gada. Akwai tartsatsin birki, da na walda, da na injin da ke goge saman dogo. Akwai jirgin da ya sauka daga layi ɗauke da mai, akwai kayan da aka jibge a ƙarƙashin gada, akwai kuma mai cinnawa da gangan. A zamanin jirage masu amfani da kwal garwashi ne ke zubowa, har ana jera gangunan ruwa a kan gadojin katako saboda ko-ta-kwana. Abin da ke ƙara rura wutar shi ne kiriyosot, wani baƙin mai dangin kwalta da ake tsuma katako a ciki don kada gara da ruɓa su ci shi. Shi ke sa gungume ya shekara 50 ko fiye a cikin damshi, shi ne kuma ke sa wuta in ta kama ta ƙi jin ruwa. Gadar katako kuma jerin gungumai ce da iska ke ratsawa ta ko'ina, tamkar itacen da aka jera da kyau don a hura.

Inda aikin ya fi wuya shi ne bayan wutar ta mutu. Abin da ya zama toka ba ya ba kowa wahalar tunani, an san sai an sake shi. Abin da ya rage a tsaye shi ke hana injiniya barci, don yana iya zama lafiya ƙalau a ido alhali ƙarfinsa ya tafi.

Katako, abin mamaki, shi ya fi faɗin gaskiya. Wuta na cinsa daga waje zuwa ciki a hankali, ƙasa da milimita ɗaya a minti, kuma gawayin da ya lulluɓe shi kan kare cikinsa daga zafi. Mai bincike zai zo da ɗan gatari ya kankare baƙin har ya tarar da farin itace, ya auna kaurin da ya rage, ya lissafa nauyin da zai iya ɗauka. Zai kuma buga shi da guduma ya saurara: in ya amsa da ƙara mai kauri, cikinsa na nan, in ya yi ƙarar ganga, akwai rami, wataƙila ruɓa ta daɗe a ciki wuta ta bi ta nan. Ɓangaren da ke cikin ƙasa ko ƙarƙashin ruwa yawanci ba ya ƙonewa, don babu iskar da wuta za ta sha.

Ƙarfe shi ne mai ruɗi. Mutane kan ɗauka tunda ba ya ci da wuta, gadar ƙarfe ta tsira. Gaskiya ne ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyas, amma ba sai ya narke yake kasawa ba. A tsakanin digiri 550 zuwa 600 ya riga ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, kuma gobarar katako mai kiriyosot ko ta man fetur tana wuce nan. Sannan yana miƙewa: ƙarfe mai tsawon mita 100 in zafinsa ya ƙaru da digiri 500, tsawonsa zai ƙaru da kusan santimita 60. In an ɗaure shi ta gaba da baya, ba shi da inda zai kai wannan ƙarin, sai ya lanƙwashe, ko ya ture ginshiƙin da yake kai, ko ya tsinke kusoshi. In ya huce zai so komawa yadda yake, a nan ma sai ya ja mahaɗansa har su tsage. In kuma aka kwarara masa ruwan sanyi yana ja jawur, wani wurin kan yi tauri irin mai saurin karyewa.

Shi ya sa masu bincike ke bin ƙarfen taku-taku. Fenti ne shaidarsu ta farko: inda ya yi baƙi kawai, zafin bai kai ya kawo ba, inda ya kumbura ya ɓare, a sa ido, inda ya ƙone tas har ƙarfen ya yi ɓawo, nan wuta ta zauna. Suna ja zare daga wannan kai zuwa wancan su ga ko ƙarfen ya karkace. Suna auna taurinsa da ɗan na'ura a wurare da dama, su yanko ƙananan gutsattsari a kai ɗakin gwaji a ja su har su tsinke, su kuma bi walda da na'urar da ke gano tsagar da ido ba ya gani. Ƙarfen da ya ɗan lanƙwashe ana iya miƙar da shi da zafi, a riƙa gasa zaɓaɓɓun wurare a bar su su huce suna jan sauran, amma aiki ne na gwanaye, kuma ba a barin zafin ya wuce kimanin digiri 650. Manyan kusoshi masu noti da wuta ta taɓa kuwa ba a jayayya a kansu, ana cire su ne a sa sababbi, domin ɗaurinsu ya saki.

Kankare ya fi su jimiri, amma shi ma yana da iyaka. Ruwan da ke maƙale a cikinsa kan zama tururi ya fasa fatarsa, gutsattsari su yi ta tsalle har rodin ciki ya bayyana. Wasu nau'o'insa kan koma ruwan hoda in zafi ya kai wajen digiri 300, kuma wannan launin alama ce cewa daga nan ƙarfi ya fara raguwa. Ana huda shi a ciro ɗan dunƙule a ga zurfin da launin ya kai. Abin da aka fi tsoro shi ne kankaren da aka ɗaure da wayoyin ƙarfe masu tsananin ja a ciki, domin waɗannan wayoyin sun fi rodi saurin raunana da zafi, kuma a kansu ƙarfin gadar duka ya rataya.

Idan an gama wannan bincike sai a yanke shawara: gyara, ko sake saman a bar ginshiƙai, ko share komai. A Sakaramento babu abin tsayawa bincike, komai ya tafi, kuma wannan ma ya taimaka. Amma ainihin sirrin kwana 12 yana wani wuri. Manyan kamfanonin jiragen ƙasa na Arewacin Amurka sun daɗe suna maye tsofaffin gadojin katako da na kankare, kuma ba sa zana kowace gada daga farko. Suna da zane guda da suke maimaitawa: turakun ƙarfe da ake kafawa cikin ƙasa, a ɗora musu kan kankare da aka riga aka zuba a masana'anta, sannan a shimfiɗa dogayen sassan kankare masu kimanin mita 9 daga wannan jeri zuwa na gaba. Tun da girmansu ɗaya ne, akwai su a ajiye, akwai kuma waɗanda aka yi domin wasu ayyuka. In gobara ta faru sai a juyo da su nan. Ba a jiran mai zane, ba a jiran kankare ya yi kusan wata guda yana ƙarfi a wurin aiki. Kayan kuma a kan dogon kansa suke zuwa har bakin inda layin ya yanke.

Wanda ya tsaya kusa da irin wannan aiki, abin da zai fara cika masa kunne shi ne ƙarar gudumar kafa turaku. Injin ɗaga kaya na riƙe da dogon ƙarfe a tsaye, guduma na sauka a kansa, ƙasa na girgiza a ƙarƙashin ƙafa. An yi wa turken alamu da fenti daga ƙasa zuwa sama, ga wani mutum a gefe da takarda yana ƙirga bugu nawa ake yi kafin alama ɗaya ta nutse. Da fari bugu kaɗan ke shigar da shi. Can sai ya fara turjewa, lissafin ya yi ta hawa, har ya kai adadin da injiniya ya ce in an kai shi turken ya samu ƙasa mai ƙarfi. Wannan ƙirgen shi ne shaidar cewa gadar za ta ɗauki jirgi, kuma duk gaggawar da ake yi ba a tsallake shi. Wani lokaci turken kan ci karo da kututturen tsohon gungume da ya rage a ƙasa, shi ya sa akan gusar da sababbin layuka su faɗa tsakanin tsofaffi.

Ana yin aikin dare da rana, daga kai biyu a haɗu a tsakiya, ko a share hanyar wucin gadi a gefe don injuna da yawa su yi aiki lokaci guda. In layi biyu ne, akan fara kammala ɗaya jirage su soma wucewa, a ƙarasa ɗayan a gefensu. Bayan an shimfiɗa sassan kankare sai a zuba tsakuwa, a jera abin da dogo ke kwanciya a kai, a ɗora dogo a yi walda. Akwai ƙananan abubuwa da ba a cika lura da su ba amma suna iya riƙe aiki: wayoyin sigina da na sadarwa da suka bi ta gadar, da kwashe gawayi mai kiriyosot daga ruwa da fadama, wanda hukumomin kare muhalli ba sa wasa da shi, kuma daidai suka yi. Jiragen farko a hankali suke wucewa, ana auna ko wani wuri ya zauna, ana ƙara dandaƙe tsakuwa, kafin a ba da izinin cikakken gudu.

Irin wannan saurin ba sau ɗaya aka gani ba. A garin Mayerthorpe na lardin Albata a Kanada, an cinna wa gadar katako ta kamfanin jiragen ƙasa na Canadian National wuta a ƙarshen Afrilun 2016, cikin kusan makonni uku jirage suka dawo. A arewacin Kalifoniya wutar daji ta lalata gadar Dry Canyon a ƙarshen Yunin 2021, ta yanke babban layin da ya haɗa Kalifoniya da Oregon, aka buɗe ta a farkon Agusta. Har a lokacin yaƙin basasar Amurka, a 1862, injiniya Herman Haupt ya sake gina gadar Potomac Creek da aka rusa a jihar Bajiniya cikin kwana 9, da ɗanyen itace da sojojin da ba kafintoci ba. Shugaba Abraham Lincoln da ya gan ta ya yi mamakin yadda jirage ke bi ta kan abin da ya kwatanta da karan masara da sandunan wake.

To me ya sa Britannia ta ɗauki wata 20? Domin ita ba ta da 'yar'uwa a ajiye. Injiniya Robert Stephenson ne ya gina ta, aka buɗe ta a 1850, kuma jirgi ba a kanta yake tafiya ba, a cikinta yake bi: manyan bututu ne masu kusurwa huɗu na ƙarfen wancan zamani, manyan na tsakiya kowane kusan mita 140. Ya yi haka ne domin hukumar sojojin ruwan Birtaniya ta ƙi yarda da duk abin da zai tare wa jiragen ruwa masu dogayen filafilai hanya. Daga baya aka yi wa bututun rufin katako da aka shafe da kwalta don kare su daga ruwan sama. Wasu yara da suka shiga ciki da wuta a hannu ne suka jawo gobarar, ta bi rufin daga wannan gaɓa zuwa waccan, a can sama inda ruwan 'yan kwana-kwana bai iya kaiwa yadda ya kamata. Da gari ya waye gadar na tsaye, amma bututun sun tsage a kan ginshiƙai sun sunkuya. Abin da aka sa don ya kare ƙarfen shi ya kashe shi.

Ginshiƙan dutsen sun tsira, kuma a kansu aka dogara. Tunda zamanin manyan jirage masu filafilai ya wuce, aka samu damar yin abin da aka hana Stephenson: aka kafa bakuna na ƙarfe daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi a ƙarƙashin tsofaffin bututun, suka tallafe su, sannan aka yayyanka bututun aka fitar. Duk tsawon lokacin tashar jiragen ruwa ta Holyhead, mashigar zuwa Ailan, ba ta da layin dogo da ya haɗa ta da sauran ƙasar. A 1980 aka ƙara hawa na biyu a sama domin motoci. Gadar ta fi amfani yanzu, amma aikin Stephenson ya tafi, kuma ina ganin wannan rashi ne na gaske ko da ba ya shiga lissafin kuɗi.

A nan ne nake ganin ake yawan yin kuskure. Idan aka ga gada ta tashi cikin kwana 12, yabo kan tafi ga gaggawar, kuma ma'aikatan da suka kwana a kan ƙarfe sun cancanci yabon. Amma aikin da ya fi arha shi ne wanda ba ya fitowa a labarai: share ciyawa da busassun itatuwa daga gindin gada kafin rani, hana jibge kaya a ƙarƙashinta, shafa wa katako maganin da ke kumbura ya kare shi in ya ji zafi, tsayar da mai gadi na wasu sa'o'i bayan an gama walda, ajiye taragon ruwa kusa a lokacin wutar daji. Da kuma sauya saman gada daga buɗaɗɗen katako, inda tartsatsi ke faɗawa tsakanin gungumai, zuwa mai shimfiɗar tsakuwa, inda tartsatsin ke mutuwa a kan dutse. Duk wannan kuɗi ne da ake kashewa a shekarar da babu abin da ya faru, shi ya sa shi ne farkon abin da ake yankewa in kamfani ya shiga matsi.

Abin da ya samu Poughkeepsie ke nan. An buɗe ta a 1889, tsawonta ya haura kilomita 2, tana kimanin mita 65 sama da ruwa, kuma ta daɗe tana cikin manyan hanyoyin da kaya ke bi zuwa arewa maso gabashin Amurka. Amma a 1974 tana hannun kamfanin Penn Central, wanda ya karye tun 1970, jiragen da ke bi ta kanta sun ragu ƙwarai, an kuma yi sakaci da bututun ruwan kashe gobara da ke kanta. Ana kyautata zaton tartsatsi daga jirgin da ya wuce ne ya tayar da wutar. Ɓangare kawai ta ci, wajen mita 200 na saman gadar, ɓarnar da ba ta kai ta Sakaramento ba ko kusa. Gyaran mai yiwuwa ne, sai dai kamfanin yana da wata gada can arewa kusa da birnin Albany da zai iya karkatar da kayansa, ba shi kuma da kuɗi. Kamfanin Conrail da ya gaji layin a 1976 shi ma bai ga dalilin gyarawa ba. Aka cire dogon, gadar ta shekara 35 tana tsatsa a sama da kogi, har mutanen yankin suka haɗa kai suka nemi a mayar da ita hanyar masu tafiya a ƙasa da masu keke. A watan Oktoban 2009 aka buɗe ta da sunan Walkway Over the Hudson, da shimfiɗar kankare a inda katakon ya ƙone.